Yadda zaka rage wa shekara gudu, ka kuma rage wa zaman jira tsawo

Akwai wani dare da bana mantawa da shi, na kwana a kan bencin asibiti ina jiran a fito da mahaifina daga ɗakin tiyata. Aikin awa 3 ne kacal amma wallahi na duba agogon wayata ya fi a ƙirga, duk dubawa sai inga minti 4 ko 5 ne suka wuce alhali ni a jikina ji nake an yi rabin awa. Toh a wannan shekarar dai, da ƙarshenta ya zo sai na zauna ina tambayar kaina wai ina watannin nan suka shiga ne, don in ka cire daren nan da wasu 'yan kwanaki babu abinda zan iya tunawa, shekara guda cur ta wuce kamar ƙiftawar ido. Awa 3 ta ƙi ƙarewa, wata 12 kuma sun ƙi tsayawa, kuma duk a kai ɗaya. Abin ya tsaya min a rai sosai, shi yasa na shiga karance-karance a kai, kuma abinda zan faɗa anan yawancinsa na gwada da kaina. Zan riƙa cewa "kai" ne don sauƙin rubutu amma 'yar'uwa har da ke nake.

Abu na farko da zaka riƙe shine babu wata gaɓa a jikinmu da aikinta shine jin lokaci. Haske yana da ido, ƙara tana da kunne, wari yana da hanci, amma lokaci bai da ƙofar da yake shigowa ta cikinta. Ƙwaƙwalwa kintata kawai take yi, tana haɗa 'yan alamu daga nan da can, hasken rana, yunwa, gajiya, bugun zuciya, yawan abubuwan da suka faru. Ido ba mudu ba amma ya san kima, toh haka take da lokaci, sai dai in aka ɗauke mata alamun nan kimar tata karkacewa take yi ba kaɗan ba. A shekarar 1962 wani matashi ɗan Faransa mai binciken duwatsu, Michel Siffre, yana da shekara 23, ya shiga wani kogo mai zurfin fiye da mita 100 a tsaunukan Alps, ba agogo ba kalanda ba hasken rana, sai wayar tarho da yake kiran abokan aikinsa na sama duk sanda ya farka ko zai ci abinci ko zai kwanta, su kuma an hana su gaya masa ko ƙarfe nawa. Ya shiga ranar 16 ga Yuli. Da suka sanar da shi ranar 14 ga Satumba cewa wa'adi ya cika sai ya ƙi yarda, don shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Kwana 25 sun ɓace masa. Kuma in suka ce ya ƙirga daga 1 zuwa 120, lamba ɗaya duk sakan ɗaya, abinda ya kamata ya ci minti 2 sai ya ci masa wajen minti 5. Mutum ne mai hankalinsa lafiya ƙalau, kawai dai kwanakinsa ne suka zama iri ɗaya a cikin duhu, babu abinda zai bambanta jiya da yau.

Abu na biyu kuma shine ginshiƙin duk maganar, in ka gane shi ka gane sauran. Ma'auni biyu ne ƙwaƙwalwa take auna lokaci da su, kuma juya wa juna baya suke yi. Akwai yadda kake jin lokaci kana cikinsa, wannan ya danganta ne da inda hankalinka yake, in hankalin yana kan lokacin kansa sai ya miƙe ya ƙi tafiya, in kuma wani abu ya ɗauke maka hankali sai ya zame. Sannan akwai yadda kake jinsa in ka waiwaya baya, shi kuma wannan ba ruwansa da agogo, yawan abubuwan da aka ajiye a tunani ake ƙirgawa, in da yawa sai kaji lokacin ya yi tsawo in babu sai ya tsuke. Masanin halayyar ɗan'adam ɗinnan na Amurka William James ya faɗi haka tun 1890, cewa lokacin da ke cike da sababbin abubuwa gajere ne kana cikinsa amma dogo ne in ka waiwaya, wanda babu komai a cikinsa kuma akasin haka. Ka tuna wata tafiya da ka taɓa yi ta sati ɗaya zuwa inda baka sani ba, kana can kwanakin gudu suke, amma da ka dawo sai kaji kamar ka yi wata guda. Kuma ka tuna wani sati da ka yi kwance baka da lafiya, kowace rana kamar shekara, amma yanzu in ka tuna shi bai fi ƙyallin abu ɗaya ba. Kaga kenan maganin jira daban, maganin gudun shekara daban, wanda ya haɗa su zai sha wahalar banza.

Kafin ka fara gyara komai ka fara gwada naka agogon kai, minti biyu kawai zai ci maka. Buɗe agogon ƙirga sakan a wayarka, danna, rufe ido, kada ka ƙirga a zuci, in kaji a jikinka minti ɗaya ya cika sai ka tsayar ka duba. Yi shi da safe kana da natsuwa, ka sake yi sanda ranka yake ɓace ko kana sauri, ka sake yi da dare kana jin barci, ka rubuta duka. Ni nawa in ina cikin fargaba tun kafin sakan 45 nake tsayarwa. Har zafin jiki ma yana taɓa abin. Wani masani a Amurka, Hudson Hoagland, matarsa tana kwance da zazzaɓi ya fita sayo magani na ɗan lokaci kaɗan, da ya dawo ta ce ya daɗe sosai, sai abin ya ba shi mamaki ya riƙa sa ta ƙirga sakan 60 yana auna zafin jikinta, ya ga duk sanda zazzaɓin ya hau sai ta ƙirga da sauri, wato minti ɗinta yana cika kafin na agogo. Ya wallafa sakamakon a 1933. Don haka in mara lafiya ya ce maka ka daɗe alhali minti 10 ka yi, dan Allah kada ka musa masa, a wajensa gaskiya ya faɗa.

Wani gwajin kuma da nake so kowa ya yi, tsaya gaban madubi ka kalli idonka na hagu sannan ka koma na dama, ka yi ta yi, bazaka taɓa ganin idanunka suna motsi ba, amma wanda ke tsaye kusa da kai yana ganin motsin sarai. Ƙwaƙwalwa ce take yanke hoton a daidai lokacin da ido yake tsalle, sannan ta cike gurbin da abinda idon ya sauka a kai. Shi yasa wani lokaci in ka juyo ka kalli agogon bango sai kaga kamar hannun sakan ya maƙale na ɗan lokaci kafin ya ci gaba. Ido kuwa yana irin wannan tsallen kusan sau 3 duk sakan. Wato ko "yanzu" ɗin da kake ji ɗinkakke ne.

Toh mu zo kan jira, layi ne ko cunkoson motoci ko zaman asibiti. Dokar farko ka daina duba agogo. Na san da wuya, amma duk dubawa ɗaya kana dawo da hankalinka ne kan ainihin abinda yake miƙar da lokacin. In kana tsoron kada wani abu ya wuce ka, saita ƙararrawa a waya ka jefa ta aljihu, ka bar mata gadin. Sannan ka ba hankalinka aikin da yake da ɗan nauyi, ba wanda zaka yi rabin hankalinka yana bakin ƙofa ba. Hira da wanda ke zaune kusa da kai tana daga cikin mafi ƙarfi, don hira bata barin ka ka saki, dole ka saurara ka ba da amsa. Karatun labari mai ja, lissafin wani abu da ka daɗe kana ɗagawa, haddar wani abu, rubuta wa wani dogon saƙo, duk suna yi. Abinda na lura shine aikin ya zama ya ɗan fi ƙarfinka kaɗan, in ya yi sauƙi da yawa hankali zai gudu ya koma kan agogo, in ya yi wuya da yawa kuma zaka ajiye shi.

Sai kuma ka tambaya, kada kaji nauyi. Jiran da ba'a san ƙarshensa ba ya fi kowane jira tsawo, minti 20 da aka gaya maka ya fi sauƙi akan minti 10 da baka san ko awa zai zama ba. In aka ce maka rabin awa, kai ka sa wa ranka awa ɗaya. Akwai wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a 2011 akan dalilin da yasa dawowa daga tafiya take fin zuwa sauri a ji, mutane da yawa suna cewa ai don an riga an san hanya ne, amma sai aka ga ko waɗanda suka dawo ta wata hanya dabam mai tsawo ɗaya suma sun ji dawowar ta fi gajarta. Bayanin da masu binciken suka bayar shine a zuwa mutum yana raina nisan sai abin ya fi zatonsa, a dawowa kuma ya riga ya sa wa ransa doguwar tafiya ce sai ta zo masa da sauƙi. Kenan zaton da ka shiga da shi shine rabin wahalar. In kuma kai ne kake sa wani jira, likita ne kai ko mai gyara ko ma'aikacin ofis, ka ji tausayi ka leƙo ka faɗi inda aka kwana ko da jimla ɗaya ce. A daren da na ba da labari wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce min saura kamar awa ɗaya kuma komai lafiya, wallahi awar nan ta ƙarshe ta fi biyun farko sauƙi nesa ba kusa ba, har yau ina mata addu'a.

Amma fa in ka ga ba jira kake ba, kawai kwanaki ne suka daina tafiya, safiya ta ƙi zama yamma, babu abinda ke maka daɗi, kuma abin ya kai sati biyu ko fiye, wannan ya wuce maganar dabara. Masu ciwon damuwa suna yawan cewa lokaci ya tsaya musu cak. Je ka ga likita, ko ka gaya wa wanda ka yarda da shi ya raka ka.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ita ta fi damuna, gudun shekara. Bayanin da aka fi yawan ji shine na lissafi, wanda wani masanin falsafa na Faransa Paul Janet ya kawo tun 1877, cewa yaro ɗan shekara 10 shekara ɗaya kashi ɗaya cikin 10 ce ta rayuwarsa, ɗan shekara 50 kuma kashi ɗaya cikin 50, dole ta ƙanƙance. Lissafin yana da daɗin ji amma ni bai gamsar da ni ba, na farko babu wanda yake zama yana raba shekarunsa kafin yaji gudun wata, na biyu kuma bai bar maka abin yi ba sai dai ka rungume hannu. A 2005 wasu masu bincike a Jamus, Marc Wittmann da Sandra Lehnhoff, sun tambayi mutum 499 daga ɗan shekara 14 zuwa 94 yadda suke jin gudun lokaci, sai aka ga in ana maganar satin da ya wuce ko watan da ya wuce babu wani bambanci mai yawa tsakanin yaro da tsoho, sai da aka zo kan shekara 10 da suka wuce sannan manya suka fi cewa sun yi gudu. Kuma waɗanda suke jin aiki ya musu yawa lokaci baya isarsu sun fi kowa jin gudun. Wato ba ranar dattijo ce ta gajarce ba, waiwayen ne yake tarar da wayam.

Dalilin kuwa ƙwaƙwalwa bata ajiye abinda ta riga ta sani. Ranar farko a sabon wajen aiki zaka iya tuna har kalar rigar wanda ya nuna maka kujera, amma rana ta 300 fa? An haɗe ta da sauran 'yan'uwanta an dunƙule su sun zama abu ɗaya, "zuwa aiki". Shi yasa in aka tambayi tsofaffi su ba da labarin rayuwarsu mafi yawan abinda suke kawowa daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 yake fitowa, lokacin da komai na farko ne, makaranta, soyayya, aikin farko, barin gida.

Akwai gwajin da ya nuna wannan ƙarara. Ka san yadda wanda ya tsallake hatsarin mota yake cewa ya ga komai yana tafiya a hankali-a hankali. Wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, David Eagleman, da abokan aikinsa sun so su gano ko da gaske ƙwaƙwalwa tana ƙara saurin gani a lokacin tsoro, sai suka kai mutane wani wajen wasa a Dallas ta jihar Texas inda a lokacin ake sako mutum ta baya daga sama ya faɗo mita 31 cikin raga, faɗowar bata kai sakan 3 ba. Suka ɗaura musu wata na'ura a hannu mai walƙiya da lambobi da saurin da ido baya iya karantawa, da nufin in har lokaci yana rage gudu da gaske toh ya kamata su iya karantawa suna cikin faɗowa. Basu iya ba. Amma da aka ce su kintaci tsawon faɗowarsu sai suka ƙara mata wajen kashi 36 cikin 100 akan yadda suka kintaci ta wasu da suka kalla. An wallafa wannan a 2007. Bayanin da suka bayar shine tsoro yana sa a rubuta abin a tunani dalla-dalla, in an zo karantawa sai yawan bayanin ya sa aji kamar ya daɗe. Ba cewa nake kaje ka nemi abin tsoro ba, a'a, abin ɗauka shine yawan rubutun shine tsawon lokacin, kuma sabon abu ma yana sa a yi rubutun ko babu tsoro.

Toh me zaka yi? Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce ka canza hanyar da kake bi zuwa aiki ko makaranta, kuma ba laifi ka gwada, amma gaskiya ni na ga tasirinta baya wuce kwana biyu-uku, sabuwar hanyar ma ta zama tsohuwa. Abinda na ga ya fi komai aiki shine koyon abin da baka iya ba sam, wanda zai mai da kai ɗan koyo, sabon yare, ɗinki, iyo, gyaran wani abu, tuƙi, zane, ko wane ne. Sabida koyo yana da matakai, watan da ka fara daban yake da watan da hannunka ya fara faɗawa, daban da ranar da ka yi na farko kai kaɗai ba mai tsaya maka, kuma kowane mataki turke ne da zaka ɗaure wata a jikinsa. Na biyu mutane. Sabon mutum ɗaya da ka zauna kuka yi hira ta gaske ya fi sababbin tituna goma zama a rai, haka ziyarar ɗan'uwan da ka daɗe baka gani ba. Na uku ka sa wa kowane wata abu ɗaya nasa na kansa tun kafin ya shigo, ba sai babba ba kuma ba sai an kashe kuɗi ba, zuwa wani waje da baka taɓa takawa ba ko da a ƙafa ne, kwana a waje kana kallon taurari, gyara wani abu da ya shekara a lalace, kai yaro ya ga wani abu karo na farko. Ka rubuta shi a kalanda da rana, don in ka bar shi a "wata rana zan yi" toh ka san sauran. Kuma kada ka ce zaka mai da kowace rana sabuwa, bazai yiwu ba kuma gajiya kawai zaka yi, sabo yana da amfaninsa, shi yake ba kai hutu. 'Yan turaku ake nema a tsakiyar filin.

Ka kuma riƙa yi wa kwanakinka iyaka. Ƙwaƙwalwa gunduwa-gunduwa take yanka rayuwa, kuma canjin waje yana daga cikin inda take sa wuƙa. Gabriel Radvansky na jami'ar Notre Dame a Amurka ya nuna a 2011 cewa wucewa ta ƙofa kawai tana sa mutum ya fi saurin manta abinda ya ɗauko a rai, irin ka shiga ɗaki ka tsaya kana tunanin me ma ya kawo ni, don an rufe wancan babin an buɗe sabo. Wannan ɗin da yake ba mu haushi shine kuma yake raba mana rana kashi-kashi. Lokacin kullen korona a 2020 da mutane suka koma barci da aiki da hutu duk a ɗaki ɗaya, wata mai bincike a Ingila Ruth Ogden ta tambayi mutane kusan 600, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ce lokaci ya rikice musu. Don haka in a gida kake aiki ko karatu kada ka yi komai a kan katifa ɗaya, ware wajen aiki ko da kusurwa ce, fita ka zaga ka dawo kafin ka fara da bayan ka gama, kuma ranar hutunka ta bambanta da sauran tun daga abinda ka fara yi da safe.

Sai waya, wadda a ganina ita ce babbar ɓarauniya. Shafa allo a TikTok ko Facebook yana cutar ka ta ma'aunan nan guda biyu lokaci ɗaya, kana ciki hankalinka ya tafi gaba ɗaya awa 2 ta wuce baka sani ba, ka ajiye kuma in aka ce faɗi bidiyo 5 daga cikin waɗanda ka kalla sai ka kasa, sabida babu farko babu ƙarshe babu waje, duk a zaune ɗaya da yatsa ɗaya. Littafi ko doguwar hira suma suna cinye awa 2 amma suna bar maka wani abu a hannu. Shiga saitin wayarka ka duba inda take nuna awa nawa kake yi a kanta kullum, kafin ka duba ka fara kintata, sannan ka kwatanta. In awa 3 ce a rana, a shekara ya kai awa 1,095, wato sama da kwana 45 dare da rana. Ni abinda ya min aiki shine in yanke abinda zan kalla kafin in buɗe, in saita ƙararrawa, kuma wayar bata kwana kusa da kaina. Hoto ma a yi hattara, wata mai bincike a Amurka Linda Henkel ta kai ɗalibai gidan adana kayan tarihi ta ga abubuwan da suka ɗauka a hoto sun fi saurin manta su akan waɗanda suka tsaya suka kalla kawai, sai dai in sun matso da hoton kan wani ɓangare da suka zaɓa. Kalla tukuna da idonka, sannan ka ɗauki ɗaya ko biyu.

Barci kuma kada ka raina shi, don a cikinsa ne ake tace abubuwan da suka faru da rana a mai da su ajiya mai daɗewa, wanda baya samun isasshe kwanakinsa hazo-hazo suke zama. Can cikin ƙwaƙwalwa sama da inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000, shine agogon dare da rana na jiki, kuma zagayensa ya ɗan ɗara awa 24, binciken Charles Czeisler na jami'ar Harvard a 1999 ya samu wajen awa 24 da minti 11. Haske ne yake saita shi kullum. Toh ka fita hasken safiya da wuri, ka rage haske da allo in dare ya yi, ka riƙa tashi kusan lokaci ɗaya.

Tunda an ga masu jin lokaci baya isarsu su suka fi jin gudunsa, sai a gyara yadda ake kintatar aiki. A Kanada a 1994 an tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama rubutun bincikensu na ƙarshe, suka ce wajen kwana 34, aka ce toh in komai ya lalace fa, suka ce wajen 49, amma a zahiri sai da suka ci kwana 55 da ɗoriya, ya wuce har mafi munin zatonsu. Maganin shine kada ka tambayi kanka "awa nawa zai ci", tambayi "wancan karon da na yi irinsa awa nawa ya ci", ka yi aiki da wannan amsar ko da bata maka daɗi ba. Sati ɗaya ka riƙa rubuta kintacenka da ainihin abinda aikin ya ci, zaka gano naka ninkin, daga nan sai ka rage yawan abinda kake cusa wa rana ɗaya.

Na ƙarshe shine wanda na fi riƙewa. Samu ɗan littafi, duk dare kafin ka kwanta ka rubuta layi ɗaya ko biyu, abinda ya bambanta yau da jiya. Ba "na je aiki na dawo" ba, a'a, wa ka gani, me aka faɗa da ya tsaya maka, me ka lura da shi da baka taɓa lura ba. Amfaninsa biyu ne, tuno abu da dare yana ƙara masa zama a kai, sannan sanin cewa zaka rubuta yana sa ka buɗe ido da rana kana neman abin rubutawa. In kwana 3 suka jera baka samu abin sawa ba toh alama ce, gobe ka yi wani abu dabam. Ƙarshen wata ka karanta daga farko, in da hali ka karanta wa wani na gida, don ba da labari ma wata ajiyar ce. Ni na fara nawa ne bayan an sallamo Baba da 'yan watanni, kuma shafin da na fi komawa shine na ranar da ya fara takawa zuwa bakin ƙofa ba tare da ya dafa kowa ba, na rubuta cewa ya tsaya ya huta sau biyu kuma ya hana ni riƙe masa hannu.